Kurege da Kazar Sama

Ga ta nan, ga ta nanku, ƙannena.

Ta zo mu ji ta, Yaya, mun daɗe ba mu ji muryarka ba.

An yi wani Kurege mai ƙafar yawo, shi kaɗai ga uwarsa. Wata magariba ta bazara, uwar ta nuna masa wasu taurari cunkushe can yamma. Ta ce, "Ka ga Kaza da 'ya'yanta? Ran da ka ga sun shige bayan kukar can, ruwa ya kusa, sai shuka."

Kurege bai ji zancen shuka ba, kaza kawai ya ji. Ya ce a ransa, "Nama har gida, Inna tana kallo!" Ya sace irin geron da ta adana, ya nufi kuka yana watsawa yana kira, "Kur, kur, kur."

Ya isa gindin kuka, ba Kaza. Ya tambayi Bushiya, "Baba, ina take sauka?"

"Gaba take sauka, bayan dutsen can."

Ya isa dutse, ya tambayi Zabo.

"Gaba take sauka, hayin kogin can."

Ya haye kogi, iri ya ƙare, Kaza ma ta daina fitowa. Ya tambayi Raƙumi. Raƙumi ya ce, "Yaro, na tsufa ina bin yamma. Ka matsa, bakin sama ya matsa."

Kunya ta hana Kurege komawa. Damina ta wuce, wata ta bi ta, wata ta bi ta. Kullum yana tuna ƙamshin daddawar uwarsa.

Ran nan da kaka ya juyo. Ya tarar da uwar a ƙofar gida da magariba, ta yi furfura, rumbunta ya rushe.

"Inna, na dawo. Ba Kaza, ba iri."

Ta ce, "Ɗan nema, waiwaya."

Ya dubi gabas. Ga Kaza tana fitowa ta saman rusasshen rumbun, 'ya'yanta cif.

Uwar ta ce, "Ita kowace shekara takan dawo a kan lokacinta. Kai ne ka makara. Ci tuwo, maƙwabta suka ba ni garin. Gobe ka kwaɓa ƙasar rumbu."

To, yara, tauraro ba a kamo shi, karanta shi ake yi daga ƙofar gida.

Ƙurunƙus, kan ɗan kurege. Ku ɗaga kai, ga Kazar can saman katanga.