Telan da Ya So a Sauke Masa Motarsa Ƙasa

An yi wani mutum a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba, don garuruwanmu kusan duk halinsu ɗaya. Ana kiransa Malam Sallau, sana'arsa ɗinki. Ku gyara zama, jama'a. Labarin ba na can can baya ba ne, tunda akwai mota a cikinsa, amma dai ya kwana biyu.

Wannan bawan Allah an san shi da hali ɗaya: ba ya ƙarya. Tela ne, kuma ba ya ƙarya. Na ga wasu suna murmushi, telolin cikinmu ku yi haƙuri. In ya ce maka Laraba, to Larabar ce. In ya ga ba zai iya ba, sai ya miƙo maka yadinka ya ce ka gwada wani shagon. Baƙo kam yana iya ce masa a'a. Danginsa ne ba ya iya buɗe baki ya ce musu haka.

Shekara ashirin yana taka keken ɗinki kafin Allah ya hore masa wata 'yar tsohuwar mota, wadda wani ya gama yayinta. A duk zuriyarsu shi ne na farko da ya mallaki mota. Ƙauyensu kuwa tafiyar awa guda ce daga gari. In ka sauka daga kwalta sai burji mai ramuka, kuma dab da shiga ƙauyen akwai wani kwari da ruwan damina ya yanke, sai mota mai tsayi take tsallake shi, ita ma da lallami.

Kun san abin da ya biyo baya, ba sai na faɗa ba. Haihuwa, Sallau. Suna, Sallau. Kai amarya, Sallau. Buhun masara za a kai kasuwa, a kira Sallau. Har akuya an taɓa ɗaure masa a kujerar baya. Sai ya rufe shago, ya bar ɗinkin mutane a kan tebur, ya tafi. Ya dawo ya zauna kan keke da bayan da ba ya miƙewa, don ya cika alkawarin Laraba. Shekara tara yana haka. A ƙauye in an ambaci sunansa sai a ce, "Allah sarki Sallau, mutumin kirki." Kuma ba na jin na zalunce shi in na ce maganar tana masa daɗi.

Cikin masu hawa motar akwai Gwaggo Yalwa, ƙanwar mahaifinsa. Ciwon suga ya buɗe mata gyambo a ƙafa, duk bayan mako biyu, ranar Alhamis, sai an kawo ta asibitin gari an wanke an ɗaure. Ba ta iya zama a kan babur. In ba motar Sallau ba, ba ta da hanya. Kuma kada ku ɗauka tsohuwa ce mai sa albarka. Tun daga ƙofar gida har ƙofar asibiti faɗa take: "Kai Sallau, ba buhun gero ka ɗauko ba, mutum ce! Ubanka ma haka yake da gaggawa."

To bawan Allah nan ya gaji. Ku saurara, akwai gajiyar da barci yake magani, akwai wadda mutum zai tashi da safe ya same ta zaune tana jiransa. Irin ta biyun ce ta kama shi. Har ya kai in wayarsa ta yi ƙara ya ga lambar ƙauye, sai ya tsaya yana kallonta kafin ya ɗauka.

Ana nan, wata rana wani matashi ya zo karɓar kaftaninsa a wata mota da cikinta ya kusa taɓa ƙasa. Sallau ya leƙa ya ce, "Samari, wannan motar taka ba ta da lafiya ne?"

Matashin ya yi dariya ya ce, "Lafiyarta ƙalau, Baba. Sauke ta na sa aka yi, shi ake yayi. Kuma ka ga na huta, ba mai aron ta. Ko tudun kan titi sai na karkata nake hawa, balle a ce in shiga ƙauye."

Matashin ya tafi, maganar ta zauna. Kwana uku tana yawo a kan Sallau. Rana ta huɗu ya ja motarsa sai garejin Tanimu, makanikin da ya saba yi masa gyara.

Tanimu ya leƙo daga ƙarƙashin wata mota ya ce, "A'a, Malam Sallau! Yau kuma me ƙauye ya karya mana?"

"Ba abin da ya karye. So nake a sauke ta ƙasa."

"A sauke ta? Kai da furfurarka? Ko gayu za a fara da tsufa?"

"Kai dai faɗa min yadda ake yi."

Tanimu ya shiga shago ya fito da ƙarafa biyu ya ajiye a kan benci. Ya ce, "Hanya biyu ce. Wannan gajeren sifirin ne, ƙarfen da yake ɗauke da nauyin mota a kan taya. In cire naka na asali in ɗaura shi, motar ta sauka kamar yatsa uku. In ta sauka ta sauka ke nan, sai dai a sake kwance ƙafafun gaba ɗaya. Ya fi araha, amma zai riƙa cin shokozobarka, kuma duk ramin da ka faɗa sai ka ji shi a ƙugunka. Wannan kuma shi yara ke kira koyiloba. Shokozoba ce da sifirin a haɗe, ga zare a jikinta kamar na noti. Ka ɗaga motar a jak, ka murɗa da sifana, ta yi sama. Ka murɗa baya, ta yi ƙasa. Tsadarsa ba kusa ba, kuma duk murɗawa ya kamata a sake saita ƙafafun, in ba haka ba taya ta cinye ta gefe ɗaya. Wanne kake so?"

Sallau ya ce, "Da gajeren, za ta iya tsallake kwarin ƙauyenmu?"

"Ko a mafarki. Ƙasan injin zai daki dutse, ka baro shi a can."

"Ko da an lallaba?"

Tanimu ya dube shi. Ya ɗauki tsumma yana goge hannu a hankali. Ya ce, "Au. Ashe ba gayu ba ne." Ya zauna a ɗaya gefen bencin. "Malam, shekara goma sha biyar ina sauke wa mutane mota don a gan su. Kai ne na farko da ya zo don kada a gan shi."

Sallau ya ce, "Na gaji, Tanimu. Wallahi na gaji. In na ce musu motar ba ta shiga, ai ban yi ƙarya ba."

"Ba ka yi ba. Tsohuwar nan mai ƙafa fa?"

Sallau ya nuna ɗaya ƙarfen ya ce, "To in wannan mai murɗin ne? In bar ta a ƙasa kowa ya gani, ranar Gwaggo in zo ka ɗaga min."

Tanimu ya ce, "Zan ɗaga. Amma ran da yayanka zai ce ka zo Asabar, me za ka ce masa? Ba ta shiga? Alhali ka san sifana ce tsakaninka da shiga? Ni ba malami ba ne, ƙarfe na sani. Wanda ka nuna shi zan ɗaura."

Ku tsaya a nan, jama'a, don nan ne wajen da ya daɗe yana damuna. Ga ƙarfe biyu a kan benci. In ya ɗauki gajeren sifirin, har ya mutu bakinsa ba zai furta ƙarya ba. Duk wanda ya kira zai ce motar ba ta shiga, kuma gaskiya ce tsantsa, ko rantsuwa zai iya. Amma ƙafar Gwaggo za ta ruɓe a ƙauye. In ya ɗauki mai murɗin, Gwaggo za ta ga likita, amma shi zai riƙa ƙarya duk sauran kwanakin. Ɗaya gaskiya ce da aka ƙera don a yar da mutum. Ɗaya taimako ne da aka ɗora a kan ƙarya. Kuma duka biyun za su bar masa sunansa, za a ci gaba da cewa, "Allah sarki Sallau, da yana da hali da ya zo." Ku wanne za ku ɗauka? Kada ku amsa min, kowa ya amsa wa kansa.

Sallau ya daɗe yana kallon ƙarafan nan. Sai ya miƙe ya ce, "Mayar da su, Tanimu. Duba min iskar taya kawai."

Alhamis ta zo, ya tafi ɗauko Gwaggo. Ya tarar da yayansa Jibo a ƙofar gida tare da wasu dattawan gidan, suna zaune a kan tabarma. Aka gaisa. Jibo ya ce, "Yauwa, gara da ka zo. Asabar za ka kwashi kayan ɗakin yarinyar nan da za mu aurar ka kai gidan mijinta. Sawu uku zai isa."

Sallau ya durƙusa, ya ce, "Yaya, ina neman afuwa. Ba zan zo ba."

Jibo ya ce, "Motar ce ta lalace?"

Ku ji fa. Ga ƙofa an buɗe masa, yayansa da kansa ya buɗe. Kalma ɗaya zai faɗa, kowa ya tausaya masa.

Sallau ya ce, "Lafiyarta ƙalau, Yaya. Ni ne na gaji. Gwaggo zan ci gaba da ɗaukarta muddin ina numfashi. Wanda ciwo ya kama, ko mace mai naƙuda, a kira ni ko wane lokaci ne. Amma biki da kaya da kasuwa, na daina. Ba ni da wani dalili, gajiya ce kawai."

Wani dattijo ya ce, "Ikon Allah. Yau Sallau ne yake ƙirga mana abin da zai yi da wanda ba zai yi ba."

Jibo ya ce, "Tashi ka je. Mun gode da abin da aka yi a baya. Dama an ce mota tana canza mutum, ban yarda ba sai yau."

Ya shiga ya tallabo Gwaggo ya sa ta a mota. Sun tsallake kwarin ke nan ta ce, "Na ji ka ta katanga. Wai ka gaji."

"Eh, Gwaggo."

"To ni ma na gaji, ka ji na tara mutane na faɗa musu? Kauce wa ramin nan, kana gani."

Da na so in ce muku bayan nan Allah ya buɗa masa, ya sayi babbar mota, dangi suka zo suna ba shi haƙuri. Ba haka aka yi ba, kuma ba zan ƙara wa labarin gishiri ba. Kayan ɗakin amarya a motar haya aka kai su. Jibo ya yi kusan shekara biyu ba ya amsa gaisuwarsa sai da ka. A wurin ɗaurin aure in ya iso sai a matsa masa a gefen tabarma, ba wanda ya ƙara cewa mutumin kirki. Alherin shekara tara ya tafi a yini ɗaya. Gwaggo Yalwa ta ƙara shekara huɗu a duniya, kuma ba Alhamis ɗinta ko ɗaya da ta wuce ba a wanke mata ƙafa ba. Har ta rasu ba ta ce masa ta gode ba. Abin da ya samu a wajen Ubangijinsa, wannan ba a nuna mana ba.

To ga abin da nake so mu ɗauka. Ƙarya ba a baki kaɗai take ba. Mutum yana iya shirya rayuwarsa ta yadda duk abin da zai faɗa gaskiya ne, alhali tun daga tushe yaudara ce. Uzurin da ka ƙera da hannunka, ka biya aka ɗaura maka, ba uzuri ba ne, ko da kowace kalma a cikinsa daidai take. Kuma gajiya ba zunubi ba ce. Allah bai halicce mu da ƙarfe ba. Abin da ya rage shi ne wa zai biya kuɗin hutunka: kai da sunanka, ko wani mai rauni da ba shi da kowa sai kai.

Mu nan da yawanmu ba mu da mota, amma kowa ya san yadda ake yi. Ka ga kiran ɗan'uwanka, ka bar wayar ta gama ƙara, gobe ka ce ba ta hannunka, kuma lallai ka ajiye ta a ɗaki don kada ta kasance a hannunka. Ka ƙirƙiri tafiya ranar da ka san za a zo neman ka. Mun fi son a ce ba mu da hali a kan a ce mun ƙi, don mai rashin hali ana tausaya masa, wanda ya ƙi kuwa ana zaginsa. Sai mu sayi tausayin da haƙƙin wani.

In ka gaji, ɗan'uwa, ka ce ka gaji. Ka ware abin da ya zama dole a kanka ka riƙe shi da kyau, sauran ka ajiye shi a fili, da bakinka, a gaban masu shi. Za su ji haushi. Wasu ba za su huce ba har a binne ka. Ka ɗauki wannan, ya fi sauƙi a kan ranar da za a tambaye ka wa ka bari a bayan kwari.

Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiyar da za ta rage mana daraja a idon mutane, ya yafe mana uzurorin da muka ƙera. Ku tashi mu yi alwala, lokaci ya yi.