Rodi Ɗaya, Gida Arba'in

An yi wani mutum a nan Jalingo, mai aikin wayarin, wato jan wayar lantarki a gidaje, a shekarun da aka ba mu jiha, lokacin da ma'aikata suka cika gari ana ta gini. Ba zan faɗi sunansa ba. Ya iya aiki, wannan kam ba a musu. Tsoron Allah ne babu.

Ya 'yan uwa, waya uku ke cikin akwatin wutar gida. Ja ke kawo wuta, baƙa ke mayar da ita. Koriya kuwa aikinta tsaron rai. Ana ɗaure ta da rodin tagulla a binne shi a ƙasa, don in wuta ta ɓalle ta hau jikin firji ko dutsen guga, ta bi ta nan ta shige ƙasa, ba ta jikin mutum ba.

To shi wannan mutumin rodi ɗaya gare shi tak. Zai haƙa rami a gaban mai gida, ya kafa rodin, ya zuba gawayi da gishiri kamar yadda ake yi, ya rufe. Bayan kwana biyu ya dawo da sunan dubawa, ya zare abinsa ya tafi da shi gida na gaba. A cikin akwatin kuma sai ya murɗe koriya a jikin baƙa. Ƙwan lantarki ya kama, fanka ta juya, mai gida yana ta sa masa albarka. Wace irin rashin kunya ce wannan?

Wani tsohon abokin sana'arsa, Obadiya, ya kama shi yana zare rodin a unguwar Sarkin Dawaki, ya ce masa, "Wannan abu da kana yi, wata rana zai kashe mutum." Ya yi dariya, ya ce ya yi gida arba'in, a nuna masa wanda ya mutu.

Yana da 'ya, Ikilima, malamar firamare, wadda yake ji da ita fiye da kowa. Ta yi aure, mijinta Mahadi ya kama musu haya a unguwar Yelwa. Ranar da uban ya je haɗa musu firjin da aka yi mata gudunmawa, yana shiga ya gane gidan. Aikinsa ne. Ya buɗe akwatin ya ga murɗin hannunsa.

Me ya rage, jama'a? Aikin awa ɗaya. Amma in ya haƙa ramin, surukinsa zai ga babu komai ciki sai gawayi. Ya ji kunyar suruki, bai ji kunyar Ubangijinsa ba. Ya rufe akwatin, ya jona firji, ya ce a ransa sai ranar da Mahadi ya yi tafiya. Wata huɗu yana wannan jiran.

Damina ta sauka. Wata ranar Asabar da hantsi, iska ta karya reshen mangwaro, ya tsinke baƙar wayar da ta taso daga falwaya. Ja tana nan da ranta. Wuta ta rasa hanyar komawa, ta bi koriyar da ya murɗe, ta hau jikin firji. Ikilima tana goge ɗaki, ƙafa ba takalmi, siminti a jiƙe. Ta dafa firjin za ta miƙe. Nan Mahadi ya same ta.

A wurin zaman makoki mutane suna cewa ƙaddara ce, uban ya kasa jurewa, ya tashi ya faɗi abin da ya yi. Daga nan ya shiga bin gidajen da ya yi wa aiki yana roƙo a bar shi ya gyara. Babu wanda ya buɗe masa ƙofa, sai dai su kira wani. Ya ajiye sana'ar, har yau ba ya iya bi ta Yelwa.

Ya 'yan uwa, wannan ha'inci ne, kuma ha'inci zunubi ne ko an binne shi an zuba gishiri. Kai mai sana'a, abin da ka rufe a bango amana ce, mutane sun damƙa maka rayukansu ba su sani ba. In ka san akwai aikin da ka ɓata, tashi yau ka gyara, a yi maka dariya in za a yi. Shi ya tsira daga dariyar suruki, ya ɗauki makarar 'yarsa.

Allah ya kiyaye mu da cin amanar da ido ba ya gani, ya jiƙan Ikilima. Amin.