Wayar Ƙasa da Ƙwan Gwauraye

Akwai wata mace, malamar aikin lantarki, wadda ta yi shekara ashirin tana koya wa ɗalibai liƙa waya da dalma. A garinsu, in aka ce hannunta ne ya yi aiki, ba a sāke dubawa.

Zumuntar mata ta ikilisiyarsu kuwa tana da akwatin ƙyanƙyasar ƙwai, wanda gwauraye suke dogara gare shi. Wata safiya, ƙwai suna da kwana goma sha huɗu a ciki, sai na'urar da ke daidaita zafin akwatin ta ƙone. Shugabar zumunta, Mama Tabita, ta zo tana haki.

"Malama, ƙwan suna hucewa. Mun lulluɓe su da barguna, mun jera kwalaben ruwan zafi, amma ba za su kai la'asar ba."

"Ki kwantar da hankalinki, Mama. Kafin rana tsaka an gama."

Malamar ta ɗauki ƙaramin allon lantarki don haɗa sabuwar na'urar, ta liƙa masa ƙwaƙwalwar na'ura, ɗan baƙin abu mai ƙafafu wanda bai fi farce girma ba. Bisa ga al'adarta, ta shafe bayan allon da baƙin gam tun kafin ta gwada, gama ba ta so kowa ya ga aikinta bai kammala ba.

Irin wannan ƙwaƙwalwa fanko ce, sai an zuba mata umarni daga kwamfuta ta wata 'yar na'ura mai waya huɗu. Malamar ta haɗa wayoyin, ta danna. Kwamfuta ta ce ba ta ga kowa ba, wato ba ta ji ƙwaƙwalwar ba. Malamar ta canja kebul, ta kashe ta kunna, ta sāke dannawa. Amsar ba ta sāke ba.

Maƙwabcinta, Baba Habila, tsohon mai gyaran rediyo wanda bai taɓa shiga aji ba, ya leƙo.

"Ɗiyata, kankare gam ɗin nan mu ga liƙin."

"Baba, ni nake koyar da wannan aiki. 'Yar na'urar nan ta kasuwa ce jabu."

"To, Allah ya ba da sa'a. Amma ƙwai ba su iya karanta takardar shaidarki ba."

Ta hau mota zuwa makarantarsu da ke wani gari, ta aro wata na'urar. Sa'a uku suka wuce. Da ta haɗa, kwamfuta ta ce ba ta ga kowa ba. Mama Tabita tana tsaye a bakin ƙofa, sai murza bakin gyalenta take yi.

Sa'an nan malamar ta ɗauki reza, ta kankare gam ɗin a gaban tsohon. Ya taɓa liƙin ɗaya bayan ɗaya da tsinke. Da ya kai ga wayar ƙasa, wadda in babu ita na'urori biyu ba sa jin juna, sai dalmar ta motsa. Ga ta tana ƙyalli a sama, amma ba ta kama allon ba, gama cikin gaggawa malamar ba ta bar wurin ya yi zafi ba. Gyaran bai ɗauki minti ɗaya ba. Amma ranar ƙyanƙyasa, ko rabin ƙwan ba su fashe ba.

Ga ma'anar misalin, ya ku 'yan'uwana mata. Allon nan zuciyarmu ce, umarnin kuwa maganar Ubangiji. Gam ɗin shi ne kyakkyawan suna da muke rufe kanmu da shi. Ba na raina suna. Abu ne da ya cancanci a tsare shi. Amma sa'ad da addu'arki ta yi sanyi, wa'azi ya daina shiga, kada ki fara da zargin fasto, ko mawaƙa, ko maƙwabciya. Mai yiwuwa wuri ɗaya ne ya saki, gāba da kika riƙe ko ƙaryar da ba ki janye ba, kin kuwa san wurin. Abin tsoron shi ne, lokacin da kike ɓatawa wajen kāre kanki ba naki ba ne ke kaɗai. Akwai 'ya'ya da raunana masu jiran ɗumin bangaskiyarki, suna kuma hucewa. Ki nemi wata amintacciya a yau, ko da ba ta kai ki ilimi ba, ki bar ta ta duba.