Maƙerin da Ya Ci Garin Zinariyar Mutane

An yi wani mutum a Kubwa, ba zan kama sunansa ba, domin 'ya'yansa suna raye. A shekarun da soja suka koma bariki, arziki ya ɓarke a Abuja, kowace Asabar biki, kowace amarya sai gwal. Mutumin nan ya ajiye tuƙin bas da girmansa, ya je gun wani tsohon maƙerin zinariya, Malam Badaru, ya durƙusa ya roƙi a koya masa sana'a.

Da zarto aka fara masa. Zarton maƙeran gwal siriri ne kamar zare. Tsohon ya nuna masa yadda ake ɗaure shi tamau, haƙoransa su dubi ƙasa, a goga masa kakin zuma, a riƙe shi a tsaye, kada a danna. Sannan ya shimfiɗa masa fata a cinya, ya ce: "Garin da zai zuba nan na mai gwal ne. Ka tattara ka mayar masa."

Ya karya zarto ba iyaka, ya sha soke yatsa, amma ya iya. Hannunsa ya faɗa har ya buɗe shagon kansa a layin malaminsa.

A nan ne zuciya ta fara yi masa huɗuba. Wa zai zo neman ƙura? Ya fara karkaɗe fatar a cikin wani ɗan gwangwani. Da ya ga gwangwanin ba ya cika da wuri, sai ya koma aiki da zarto mai kauri, don gari ya ƙara zuba. Daga gari ya koma gutsure. Daga gutsure ya koma ƙera jan ƙarfe yana shafa masa ruwan gwal.

Ya 'yan uwa, akwai ɓarawon da ya fara da babban abu?

Wata rana wata nas mai suna Justina ta zo daga Mararaba da awarwaron mahaifiyarta marigayiya. Aikin asibiti ba ya barin ta sa shi, tana so a mayar mata da shi zobe. Ta ce: "Oga, shi kaɗai mamana ya bar mini." Ya rantse mata da Allah. Ya narke awarwaron ya zuba a aikin wasu, ita kuwa ya ba ta jan ƙarfe.

Da ta samu ciki, yatsanta ya kumbura, zoben ya kama nama. Ta zo shagonsa ta tarar ba ya nan, aka nuna mata na Malam Badaru. Tsohon ya zura ɗan ƙarfe a ƙarƙashin zoben don kare fatarta, ya sa zarto a hankali. Garin da ya zubo ja ne.

Aka nemo mutumin. Ya iso ya tarar layi ya cika. Malaminsa bai ɗaga murya ba, ya ce: "Da na san amana za ka yanka, da ban ɗora maka zarto a hannu ba." Justina kuwa ba ta zage shi ba. Tambaya ɗaya take maimaitawa: "Ina na mamana?" Shi kansa bai san wuyan da gwal ɗin yake rataye ba.

Labari ya bazu. Mata suka yi ta kawo kayan da ya ƙera, duk wanda aka yanka sai a ga ja. Aka rufe shagon, ya kwana gidan yari ba sau ɗaya ba. Matarsa ta kwashe yara ta koma garinsu. Da ya fito ya kafa tebur bakin titi, amma ko makulli ba mai ba shi ya yanka masa.

Ya 'yan uwa, matar nan ba addininsu ɗaya ba. Da sunan Allah ya rantse mata. Me za ta ɗauki rantsuwarmu yanzu? Wanda ya ci amana ba kansa kaɗai ya zubar ba. Kuma abin da ya ci, komai ƙanƙantarsa, yana jiransa a ranar da babu shago, babu lauya.

Allah ya tsarkake hannayenmu daga haƙƙin mutane. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu.