Muryar da Mudi Ya Tura

Akwai wani ɗan kabu-kabu a tashar garin Gazawa, sunansa Mudi. Baki gare shi kamar reza, kuma yana da zauren WhatsApp da rabin gari ke saurare. Lokacin da famfon unguwa ya lalace aka yi biris, muryarsa ce ta sa aka gyara. Daga nan kansa ya kumbura.

Wata rana yana zagin wani dattijo a tasha, sai Baturiya mai ƙosai, wata tsohuwa da mijinta ya rasu, ta ce, "Ɗana, rage baki. Wannan ya haife ka."

Aka yi wa Mudi dariya. Ya ƙullace ta.

Bayan sati biyu wata yarinya ta rasu a unguwarsu. Mudi ya ɗauki salula ya ce, "Jama'a, ban kama suna ba. Amma yarinyar nan ƙosan wa ta ci? Mayya na cikinmu!"

Kafin la'asar muryar ta gama gari. Matasa suka kife wa Baturiya kasko, mai ya ƙone mata ƙafa, suka bi ta da jifa. Tana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, don a gabanta aka haife su. Babu wanda ya tsaya.

Ɗiyarta Rufaida ta ɗauke ta zuwa ƙauyen Gidan Sori.

A likita kuwa an tabbatar masassarar cizon sauro ce ta kashe yarinyar. Jandarma suka kama Mudi.

"Ai ina da 'yancin magana," ya ce wa alƙali.

"Kana da shi. Ita tsohuwar fa, ba ta da 'yancin zama garinsu?"

Ya yi shekara guda a gidan kaso. Da ya fito ya hau babur har Gidan Sori, ya durƙusa a ƙofar gida yana neman gafara.

Rufaida ta fito ta dube shi. "Ka makara. Ƙafar ta ruɓe, watanta bakwai a ƙasa. Har ta cika tana tambayata ko mutanen Gazawa sun gane ba ta ci kowa ba."

Ta maida ƙofa ta rufe.

Darasi: Faɗin gaskiya haƙƙinka ne, kar ka bari a toshe maka baki. Amma ƙazafi ba 'yanci ba ne, kisa ne. Kafin ka tura murya, ka tabbata. Ku yaɗa labarin nan, ko wani ya tsira.