Ranar da Sarki Ya Bi Bayan Barde

An ce wani sarki mai zafin zuciya ya damƙa ɗansa Yarima ga Barde Tankari, tsohon da ke horar da samarin mayaƙa, don ya koya masa jan runduna. Ba a jima ba labari ya iso fada cewa Barde ya jefa Yarima ƙarshen sahu, ba takalmi, da salkar ruwa a kafaɗa.

Idon sarki ya kaɗa ya yi jawur. Aka jawo Barde gabansa.

Sarki ya ce, "Na ba ka ɗan zaki, ka mai da mini shi jakin ɗaukar ruwa? Yau hauni zai raba ka da kanka a bayan ganuwa."

Barde ya ce, "Ya sarki, kaina naka ne. Amma al'adar kakanninka ba ta hana wanda za a kashe roƙon ƙarshe. Nawa shi ne ka bi bayana zuwa wurin, kamar yadda samarina ke bi na."

Don kada a ce ya karya al'ada, sarki ya tuɓe takalmi yana huci, ya saɓa salka.

Tsohon nan kuwa ya miƙe hanya sai ka ce an sake masa ƙafafu. Rana ta take, yashi ya zama garwashi, ga ƙaya. Sarki ya ce a dakata, Barde ko a jikinsa. Can sarki ya yi tuntuɓe ya kife, ya daka tsawa: "Kai, la'ananne! Ba ka waiwaye? Ba ka san da mutum a bayanka ba?"

Barde ya juyo a fusace, ya ce, "Ya sarki, haka ɗana Mamuda ya yi ta kiranka ran da ka ratsa da mu hamada, kai kana bisa doki. Ƙishirwa ta kashe shi a kan sawunka. Ban ce mugunta ce ba, ba ka taɓa zama a baya ba ne. Na rantse ɗanka ba zai gaji wannan ba. To, kira haunin."

Sarki ya dubi jinin da ke tafin ƙafarsa, kunya ta rufe shi. Ya sallami hauni, ya ce, "A bar Yarima inda yake, har ya san sunan duk mai ɗingishi a sahun."

Mutane kan ce waiwaye adon tafiya. Ga shugaba kuwa shi ne adalci, kuma a bayan sahu ake koyonsa.