Rijiyar Mai Baƙin Ciki

Akwai wani mutum, shugaban masu haƙar rijiya ne, kuma gwani ne, wannan ba a musu. Yana da ma'aikata a ƙarƙashinsa, cikinsu akwai mataimakinsa mai suna Jatau.

To, a ƙasarsu akwai al'ada: duk wanda yake can ƙasan rami sa'ad da idon ruwa ya fashe, da sunansa ake kiran rijiyar. Sau biyu ruwa ya fashe a hannun Jatau. Sai ga mata suna tafe da tuluna suna cewa, "Mu je Rijiyar Jatau, ruwanta ya fi daɗi." Duk lokacin da shugaban ya ji haka, sai ya ce a ransa, "Ni na kama hannunsa na ba shi diga. Yau shi ake yabo, ni kuwa an mai da ni kututture?"

Wata rana ya tarar Jatau yana koya wa sauran yadda ake naɗa igiya a gungumen bakin rijiya, a jawo mutum sannu-sannu. Ya daka musu tsawa: "Wa ya sa ka? Ku jan gugan ƙasa ne aikinku!"

Jatau ya ce, "Maigida, ai don ranar da ba na nan ne."

Ya ce, "Au, har ka fara raba gado ina raye? Kowa ya iya, ni in ci me?"

Ana nan, suka kama wata babbar rijiya a tsakiyar gari. Ran da guga ya fara fitowa da yashi mai laima, shugaban ya damƙa, ya san ruwa ya kusa. Sai ya kira Jatau ya ce, "Kai wannan diga maƙera a gyara mata baki. Ba maƙerin nan ba, na hayin kogi." Jatau ya dubi yashin, ya dubi maigidansa, ya ɗauki diga ya tafi.

Shugaban ya ɗaura igiya a ƙugu, ya bi matakan jikin ramin ya sauka, ransa fari ƙal. Ya sara, ya sara, sai ruwa ya ɓalle da ƙarfi, ya cinye matakan ƙasa. Ya yi ihu, "Ku ja ni!"

Suka ja shi kuwa, amma irin jan da ya koya musu, jan gugan ƙasa. Suka fizga gaba ɗaya, ya bugu da bango. Igiyar da ba a naɗa a gungume ba ta zame musu, ya koma ƙasa tim! Da kyar mutanen gari suka fito da shi, ƙugu a karye. Bai sake shiga rami ba. Aikin ya koma hannun Jatau.

Suna kuwa shugaban ya samu. Har yau matan garin cewa suke yi, "Mu je Rijiyar Mai Baƙin Ciki."

Ga ma'anar wannan misali, kuma ba zan shafa mata zuma ba. Rijiyar ita ce aikin da Allah ya danƙa maka: makaranta ce, ofis ne, shago ne, ƙungiyar mawaƙa ce, ko zumuntar mata. Igiyar ita ce sanin da kake ɓoyewa a aljihu. Jatau kuwa shi ne na ƙasa da kai, wanda in an yabe shi kake kwana kana juyi.

Na zauna da shugabanni, na ga irinsu da idona. A so tura yaro ƙaro ilimi, shugaban ya hana. A ce wance ta iya jan taro, shugabar ta ce ba ta da ladabi. Kai, ji tsoron Allah! Kujerar nan aro ce. Wanda ya ba ka baiwa shi ya ba ɗan'uwanka, bai kuwa nemi izininka ba. In na ƙasa da kai ya fi ka, ai ribarka ce, kai ka rene shi.

Ka koma gida ka tambayi kanka: wa na koya wa riƙon igiya? Gama ranar tana zuwa da za ka kasance a ƙasan rami, su suna sama. Yadda ka koya musu, haka za su ja ka.